Alluna Uku, Mudu Ɗaya: Yadda Muka Daidaita Bayanin Siwic a Shagonmu na Sakkwato

Shagonmu yana can wajen Gawon Nama, kuma sana'armu ita ce ja wa mutane layin intanet da kula da shi bayan an ja. Abokan cinikinmu makarantu ne masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci biyu, da wata cibiyar jarrabawar kwamfuta wadda ke hana mu barci duk lokacin da JAMB ta ƙarato. Mu huɗu ne a wurin: Alhaji mai shago, da ni, da yaron da ke hawa rufi yana jan kebul, sai wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya zo koyon aiki na wata shida.

Ba mu taɓa zama mun zaɓi rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida ko ofis, iri ɗaya ba. Abin da kasuwa ta kawo kuma aljihu ya iya ɗauka, shi muke saya, mu goge manhajar da ya zo da ita, mu ɗora masa OpenWrt, wato Linux da aka tsara don rauta. Da tafiya ta yi tafiya sai muka tsinci kanmu da iri uku. Na farko masu cip ɗin MT7621 na MediaTek, wanda siwic ɗinsa (ɓangaren da ke haɗa ƙofofin da ake soka kebul), MT7530, yake cikin cikinsa. Na biyu allunan ARM ne masu siwic na Marvell daga dangin 88E6. Na uku kuwa kwali biyu ne da wani abokin Alhaji ya shigo da su da araha, ba su da suna a jiki sai lamba, siwic ɗinsu ana masa magana ta layin SPI ('yan wayoyin sadarwa tsakanin cip da cip), direbansa kuma, wato manhajar da ke tuƙa shi, mai sayarwa ne ya turo shi a dunƙule cikin wani fayil.

Shekaru muna kan OpenWrt 19.07, inda ake sarrafa siwic da wani abu da ake kira swconfig. A wannan tsari Linux ba ta san ƙofofin da ke bayan akwati ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da take gani kafa ɗaya ce kawai mai suna eth0, kai kuma ka raba ta da VLAN (hanyar raba layi ɗaya zuwa sassa daban-daban), ka riƙe a ka cewa ƙofa ta 0 ita ce ta intanet a wannan allo, a wancan kuma ta 4 ce. Muna da takarda manne a bango, an rubuta lambobin da biro, an soke an gyara har ba ta karantuwa sosai. Tun fitowar 21.02 a Satumbar 2021 OpenWrt ta fara barin swconfig tana komawa wani tsarin sarrafa siwic mai suna DSA, mu kuwa muka yi ta jan ƙafa. Sai da aka daina kula da tsohon gaba ɗaya, sannan 24.10 ya fito da kenel (zuciyar Linux) 6.6, Alhaji ya ce a tattara komai a koma sabo kafin jarrabawa ta zo.

Kafin in shiga abin da ya faru, akwai abubuwa biyu da sai an san su.

Kwamfutar tebur, idan ka soka mata kati ko ka cusa mata filashi, tana iya tambayarsa ko shi wane ne, ya ba ta amsa. Ƙaramin allon rauta ba haka yake ba. Babu hanyar da kenel zai gano da kansa cewa akwai siwic a kan SPI, ko wace waya ce ke tayar da shi daga barci, ko wace ƙofa aka haɗa da wane rami a jikin akwati. Dole wani ya rubuta masa. Wannan rubutu shi ne bishiyar na'ura: fayil ne na DTS da mutum ke rubutawa, manhajar dtc ta matse shi ya zama DTB, a miƙa wa kenel lokacin tashi. Asalinsa daga Open Firmware ne, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1994 da lamba IEEE 1275. Ɓangaren ARM na Linux ya rungume shi ne tun wajajen 2011, bayan Linus Torvalds ya nuna ɓacin ransa kan yadda kowane allo ke zuwa da tarin lambarsa daban. Kowace na'ura kuma tana da yarjejeniyar da ta faɗi sunayen da za a yi amfani da su wajen siffanta ta. Da can yarjejeniyar zance ce kawai a fayil na rubutu, mutum ya karanta ya fahimta yadda ya ga dama. Daga Linux 5.0 a 2019 aka fara rubuta ta a YAML bisa tsarin json-schema, ta yadda inji zai iya ɗaukar bishiyarka ya gwada ta da yarjejeniyar ya gaya maka inda ka kauce. Wannan nake kira ma'auni a nan.

Abu na biyu shi ne DSA. Ya shigo Linux a 2008 saboda siwic ɗin Marvell. Dabararsa ita ce, ƙofa ɗaya ta siwic tana haɗe da kwakwalwar allo, kuma duk ƙunshin bayanin da zai bi ta nan sai siwic ya liƙa masa ɗan tambari mai faɗin ƙofar da ya fito. Na Marvell bayit 4 ne, ko 8 a nau'in EDSA. Na MediaTek 4. Na Qualcomm 2. Da wannan tambari Linux ke iya nuna kowace ƙofa da sunanta: lan1, lan2, wan (ƙofar da intanet ke shigowa). Takardar bangonmu ba ta da sauran aiki ke nan, in dai an rubuta sunayen daidai a bishiya.

Alluna na farko da na biyu ba su ba mu wahala ba. Direbobinsu suna cikin kenel, wasu sun riga mu rubuta bishiyoyinsu, mu dai muka sake saita kowane akwati daga farko, domin saitin swconfig ba ya hayewa zuwa DSA. Kwana uku muka gama.

Na uku ne ya tsaya mana a wuya. Da na buɗe bishiyar da mai sayarwa ya rubuta sai na ga ba ta da ƙofofi kwata-kwata. Ga abin da ke ciki: `cpu-port = <5>`, `wan-port = <0>`, `lan-mask = <0x1e>`, da `default-vlan`. Sunaye ne da wani ya ƙaga a ofishinsa, direbansa kaɗai ya san su a duniya. Kuma direban bai ma yarda ya haɗu da kenel 6.6 ba. Zaɓi biyu ya rage: mu yi masa faci har ya haɗu, mu ci gaba da sunayensa, ko mu sake gina shi a kan DSA. Ni na so na farko, don na ga kamar ya fi kusa. Ɗalibin nan ne ya ce, "Oga, in mun yi mai faci bana, baɗi fa? Wa za ya tuna mi wanga mask ɗin ke nuhi?" Ya yi gaskiya, ko da yake ban gaya masa ba a ranar.

Muka ɗauko tushen Linux 6.6, muka girka dtschema, muka zuba bishiyar allo na uku a ciki, muka buga `make dtbs_check`. A tsohuwar laftof ɗina abin ya ɗauki lokaci har aka ɗauke wuta aka koma inbata. Da ya gama ya yi ƙorafi a kan wasu abubuwa can daban, amma game da cikin siwic bai ce uffan ba. Na yi murna na ce ashe bayanin ba laifi. Kuskurena na farko ke nan. Injin yana zaɓen ma'aunin da zai gwada kowace na'ura da shi ne ta hanyar layin `compatible`, wato sunan kamfani da lambar cip. Namu ba shi da ma'auni a kenel, saboda haka ba a auna kayansa ba sam. Shirun na rashin sani ne.

A nan muka zauna muka karanta yadda aka jera ma'aunan a babban fayil na `net`, kuma a ganina wannan ne wurin da ya fi cancanta mutum ya ɓata lokacinsa. An yi su hawa-hawa ne. A ƙasa akwai `ethernet-controller.yaml`, mai ɗauke da abin da duk wata kafar Ethernet ke buƙata ko da ba ta siwic ba ce: `phy-mode`, `phy-handle`, `fixed-link`, adireshin MAC. A kansa aka ɗora `ethernet-switch-port.yaml`, wanda ya ƙara cewa ƙofar siwic tana da lamba, `reg`. A kan wannan kuma `dsa-port.yaml`, mai kawo `ethernet` don nuna ƙofar da ke zuwa kwakwalwa, da `link` don inda aka jera siwic biyu ko fiye. Shi kansa siwic ɗin yana da nasa: `ethernet-switch.yaml` ya ce ƙofofi su zauna ƙarƙashin `ports` ko `ethernet-ports`, sannan `dsa.yaml` ya ƙara `dsa,member`. Fayil ɗin kowane cip shi ne na ƙarshe, kuma abin da ya rage masa kaɗan ne.

Hawa biyu na tsakiya, wato `ethernet-switch-port.yaml` da `ethernet-switch.yaml`, ba su daɗe ba. A farkon 2023 aka cire su daga cikin na DSA, suka shiga Linux 6.3. Dalilin kuwa akwai siwic ɗin da ba su bi ta DSA, kamar VSC7514 na dangin Ocelot idan kwakwalwarsa ta ciki ce ke tuƙa shi. Ƙofofinsa ƙofofi ne kamar na kowa, amma da yake duk bayanin ƙofa yana cikin ma'aunin DSA, sai ya zama ko ya kwafi komai ya ajiye nasa daban, ko ya yi ikirarin abin da ba shi ba ne. Da aka ware na kowa da kowa gefe, kowa ya jingina da shi. Alhaji da na yi masa wannan bayani sai ya ce ai mudu ne. Mai gero da mai dawa da mai shinkafa a kasuwa kowa da hajarsa, amma in kowa ya zo da kwanon da ya ƙera a gida, ciniki ya lalace.

Fayil ɗin ma'aunin da muka rubuta wa namu siwic bai kai layi sittin ba. Ya faɗi `compatible`, da `reg` na SPI, da `reset-gpios` don wayar da ke tayar da cip, ya jingina da `dsa.yaml` da kuma ma'aunin na'urorin SPI. Abu ɗaya tak muka ƙara na kanmu, ƙarfin da fil-fil ɗin RGMII (hanyar haɗin cip da cip mai saurin gigabit) ke tura sigina da shi, shi ma da sunan kamfanin cip a gabansa kamar yadda aka saba, don kada ya yi karo da na wani.

A layin ƙarshe na yi kuskure na biyu. Na rufe fayil ɗin da `additionalProperties: false`, ma'ana kada a karɓi sunan da ba a ambata ba. Nan take injin ya ƙi `ports`, ya ƙi `dsa,member`, abubuwan da na san halal ne. Dare ya yi, na gaji, sai na mayar da shi `true`, komai ya yi tsit, na tafi gida. Washegari ɗalibin ya gwada ni: ya rubuta `resset-gpios` da gangan, injin ya wuce shi bai ko waiwaya ba. Ashe `additionalProperties` ba ya ganin abin da aka gada daga wasu fayiloli, abin da ke gabansa kawai yake ƙirgawa. Wanda ke bin jingina har ƙasa shi ne `unevaluatedProperties: false`, da ya zo a bugun 2019-09 na json-schema. Da muka sa shi sai ma'aunin ya fara aiki da gaske.

Kuma ya kama mu da yawa. A bishiyar da muka sake rubutawa ya tarar da `phymode` babu ɗan layin tsakiya. Ya tarar mun manta `#size-cells` a ƙarƙashin ƙofofi. Ya ce ƙofar kwakwalwa ba ta cika ba, domin duk ƙofar da ke da `ethernet` dole ta faɗi `phy-mode`, ta kuma faɗi yadda ake sanin gudunta. Muka ƙara `fixed-link` mai gudun megabit 1000 a sakan. Ko wanne daga cikinsu zai iya cin mana yini guda a wurin abokin ciniki, a nan kuwa kafin shayi ya huce mun gyara.

Sai gardamar VLAN. Alhaji ya lura `default-vlan` ya ɓace daga sabuwar bishiya, ya tambaya. A cibiyar jarrabawa muna raba kwamfutocin ɗalibai da na ofis, kuma shi a ganinsa in aka rubuta rabon a bishiya, ko wani ya danna maɓallin goge saiti ba zai tafi ba. "Ku sa shi ciki mana, samari. Mi za ya rage ku da shi?" Hujjarsa ba ta banza ba ce, don an taɓa yi mana hakan ana saura kwana biyu jarrabawa. Amma bishiya tana faɗin abin da aka yi wa dalma a kan allo ne, abin da ba ya canzawa sai da ƙarfen walda. Rabon VLAN ra'ayin mai gida ne: allo ɗaya ne a cibiyar jarrabawa da asibiti, rabonsu daban. In muka sa shi a bishiya, kowane abokin ciniki sai mun gina masa tasa. Ban da haka, yarjejeniyar bishiya alkawari ce. Da zarar akwatuna sun fita da suna a cikinsu, direban gobe dole ya ci gaba da gane shi, kuma ba Linux kaɗai ke karanta irin waɗannan bishiyoyi ba, U-Boot da FreeBSD ma suna yi. Na ce, "Alhaji, a bar mu mu toya saitin cikin manhajar da muke ɗorawa, ko an goge zai dawo." OpenWrt na da wurin da ake ajiye irin wannan, `uci-defaults`. Ya yarda, ba don ya gamsu da falsafar ba, sai don buƙatarsa ta biya.

Direban ya haɗu, ma'auni ya yi shiru, wannan karon shirun gaske. Muka kai akwati na farko wata makaranta a Mabera. Ƙofofin lan huɗu lafiya lau. Ƙofar wan kuwa fitila ta kama, `ethtool` ya ce 1000, amma ko adireshi ba ta iya karɓowa.

Afrilu ne, zafin da ya haura digiri 40, don haka zafi muka fara zargi. Muka sa wa akwatin fanka. Yaro ya yanke kan kebul ya sake matsewa har sau uku, ya canza kebul ɗin ɗungurungum. Ba abin da ya sauya. Da na duba ƙididdigar ƙofar sai na ga lambar ƙunshin da suka iso a lalace tana ta hawa. Na tilasta mata gudun 100, nan take intanet ya zo. Muka bar su a haka, muka dawo shago da wani akwatin irinsa.

Ƙofar wan a wannan allo ba kamar sauran take ba. Tana da cip ɗin PHY nata (mai juya bayani zuwa siginar da ke bi ta kebul) a waje, wanda ke haɗe da siwic ta RGMII. A RGMII wayoyi huɗu ne ke ɗaukar bayani ta kowane ɓangare, da wayar agogo mai bugun megahaz 125, ana karatu a hawan bugu da saukarsa. Huɗu sau biyu sau 125, ga 1000 ɗin nan. Kowane bit yana tsayawa nanosakan 4 kacal a kan waya, kuma don a karanta shi a tsakiyarsa ba a bakinsa ba, dole agogo ya makara da kimanin nanosakan 2. Tambayar ita ce wa zai kawo wannan jinkiri. Ko dai mai zana allo ya tsawaita wayar agogo, ƙarin da ya kusa tsawon rular 'yan makaranta, ko kuma cip ya yi shi a cikinsa. Kalmar `rgmii` a bishiya tana cewa allo ya riga ya yi. `rgmii-id` tana cewa allo bai yi ba, cip ya yi ta ɓangarorin biyu; `rgmii-rxid` da `rgmii-txid` na ɓangare ɗaya ne. A gudun 100 agogo yana megahaz 25 ne, akwai sarari isasshe, shi ya sa ba a ganin matsalar.

Mu `rgmii` muka rubuta, domin haka muka tarar a tsohuwar bishiya muka kwafa. Ɗalibin ya kwance akwatin, ya aro madubin ƙara girma wurin mai gyaran waya na maƙwabta, ya bi wayoyin da ido daga siwic zuwa PHY. Gajeru ne, duk tsawonsu ɗaya, babu wani lanƙwashe-lanƙwashe a ta agogo. Allon bai kawo jinkirin komai ba. To me ya sa da can yake aiki? Cip ɗin PHY yana tashi da jinkirinsa a kunne, saboda wasu ƙananan resisto da aka ɗaura masa, kuma tsohuwar manhaja ba ta taɓa karanta wannan layi ba balle ta yi aiki da shi. Shekaru layin yana faɗin ƙarya ba wanda ya saurare shi. Direban da ke cikin sabon kenel ya karanta, ya gaskata, ya kashe jinkirin. Haruffa uku muka ƙara, `-id`, gigabit ya dawo.

Ma'auni ba shi da laifi a nan, kuma ba zai taɓa kama wannan ba. Duka kalmomin huɗu suna cikin jerin da ya yarda da su. Yana iya gaya maka ka yi magana da harshen da kowa ke ji. Ko abin da ka faɗa ya dace da tagullar da ke kan allo, wannan bai gani. Na ɗan ji haushin kaina, domin bayan ya kama mana kurakurai uku a jere na fara ɗaukar shirunsa kamar hatimi.

Yanzu duk alluna ukun suna nuna lan1 zuwa lan4 da wan, saitinmu guda ɗaya ne ga kowa, kuma ba a ɗora wa akwati manhaja sai bishiyarsa ta bi ta `dtbs_check`, wanda muka taƙaita da `DT_SCHEMA_FILES` don kada ya cinye batirin inbata. Ba mu tura direban da ma'auninsa ga masu kula da kenel ba tukuna. Ɗalibin yana so, ya ma riga ya sa wa fayil ɗin lasisin GPL da BSD biyun da suke nema, amma takardar bayanin cip ɗin da muke da ita rabi ce, kuma wata shidansa ya kusa cika.

Makon jiya abokin Alhaji ya sake kawo kwali ɗaya na allo na uku. Akwati iri ɗaya, lamba iri ɗaya, sai ɗan harafin B a ƙarshenta. Muka ɗora manhaja, ta tashi, ba ƙorafi. Kafin a fita da shi na sa yaro ya zauna da kebul ɗaya a hannu yana soka shi rami bayan rami yana kiran abin da aka rubuta a jikin akwati, ni kuma ina kallon abin da kenel ke cewa. Ya ce, "Ɗaya, Oga." Allon kwamfutata ya ce lan4. Ya ce, "Biyu." Ya ce lan3. A sabon bugun sun juya jerin ramukan. Na kwafi bishiyar na sa mata suna mai B, na juya `label` huɗu, na ce ya zare kebul ya sake farawa daga ɗaya.